Tun ran gini ran zane: kwana shida a madatsar ruwa ta Oroville

Da hantsin ranar Talata, 7 ga Fabrairun 2017, ma'aikatan madatsar ruwa ta Oroville da ke arewacin jihar Kalifoniya a Amurka suna ƙara ɗaga ƙofofin babbar magudana, kamar yadda ƙa'ida ta tanada idan ana tafka ruwa a kan duwatsu. Abin da suke saki ya kai wajen kubik mita 1,500 a kowane sakan. A wannan wuri adadin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, domin a ambaliyar 1997 magudanar nan ta ɗauki ninki uku na hakan, ta kwana lafiya. Sai aka lura ruwan ba ya tafiya yadda ya saba. A tsakiyar gangaren, inda ya kamata ya shimfiɗu fari fat, sai ga shi yana tsalle sama yana fallatsi ta gefe, launinsa ya koma na laka. Aka rufe ƙofofi. Da ruwa ya tsane sai ga wawakeken rami a tsakiyar daɓen kankaren, zurfinsa ya haura mita goma, rodi a tsattsaye ta ko'ina.

Kwana biyar bayan nan, mutum kusan 188,000 suka bar gidajensu a yammaci guda. A duk tsawon wannan tashin hankali jikin madatsar ko gezau bai yi ba. Abin da ya rikice shi ne hanyoyin fitar da ruwa, waɗanda aka ɗauka kowacce zaman kanta take yi, sai aka wayi gari kowacce na riƙe da ƙafar 'yar'uwarta.

Tudun da aka tara

Kogin Feather yana tattaro ruwansa ne daga duwatsun Sierra Nevada, daga yanki mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 9,000. A can da sanyi ake ruwa, daga Nuwamba zuwa Maris. Wani ya gangaro nan take, wani ya kwanta a kan duwatsu a matsayin dusar ƙanƙara sai gari ya fara ɗumi ya narke. Watannin zafi kuwa da wuya a ga ɗigo. Ga shi mafi yawan jama'ar jihar da manyan gonakinta suna kudu, inda ruwa ya yi ƙaranci. Kogin kuma in ya fusata ba ya jin kira: a Disambar 1955 ya fasa jinga cikin dare kusa da Yuba City, ya kashe mutum 38. A 1960 masu zaɓe suka amince wa gwamna Pat Brown ya ciwo bashin dala biliyan 1.75 don babban aikin ruwa na jihar, kuma Oroville ce ginshiƙinsa. Ɗansa Jerry Brown ne ke kan kujerar gwamna lokacin da ramin nan ya buɗe.

Wanda ya ji an ce madatsa mafi tsayi a Amurka zai zaci katangar kankare ce irin ta madatsar Hoover. Oroville tudu ne na ƙasa da tsakuwa da duwatsu, tsayinsa mita 235, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 2. Mafi yawan kayan an kwaso su ne daga tsibin duwatsun da masu haƙar zinariya suka bari a bakin kogin, jiragen ƙasa suna jigila dare da rana. A tsakiyar tudun akwai zuciya ta yumɓu da aka daddaɓe, ita ke hana ruwa wucewa. Gabanta da bayanta an jera yashi da ƙananan tsakuwa, aikinsu su tace duk ruwan da ya tsatso kada ya tafi da ƙwayar yumɓu, domin daga ƙwaya rami ke farawa. Daga waje sai manyan duwatsu, su nauyi kawai ake nema a wurinsu. Tun ba a gama ginin ba ya nuna amfaninsa, ya rage ƙarfin ambaliyar Disambar 1964. An kammala shi a 1968.

Irin wannan madatsa tana da doka guda wadda ba a wasa da ita: ruwa ba ya bi ta kanta. Katangar kankare tana iya jure ruwa ya tsallake ta na ɗan lokaci. Tudun ƙasa kuwa da zarar ruwa ya fara gangarowa ta bayansa zai soma cin sa, abin da aka tara a shekara bakwai yana iya tafiya cikin sa'o'i. Shi ya sa ake gina magudana a gefe, nesa da jikin tudun, a kuma ba ta girman da za ta ɗauke ambaliya mafi muni da lissafi ya nuna tana iya zuwa.

Masu son cika da mai son gurbi

Tafkin da ke bayan madatsar yana ɗaukar kubik mita sama da biliyan 4, shi ne na biyu a girma a jihar bayan na Shasta. Hukumar albarkatun ruwa ta Kalifoniya ce ke da shi, ita ke gudanar da shi. A can da ƙafa ake faɗin tsayin fuskar tafki daga doron teku, kuma alƙaluman ne ke bakin kowa a wannan labari, don haka zan bar su yadda suke: saman madatsar ƙafa 922 ne, tafki ya cika idan ya kai 900.

Kusan kowa so yake ya ga tafkin a cike. Birane da gonakin kudu, waɗanda ke shayar da mutum fiye da miliyan 20 daga wannan tsari, suna son a tara musu na watannin zafi. Masu kula da kifin salmon suna son ruwa mai sanyi daga can ƙasan tafki, shi ya sa aka yi wa bakin bututun shiga ruwa wasu marufai da ake cirewa ko a mayar don a zaɓi zurfin da za a ɗiba. Masu lantarki su ma cika suke so, kuma dalilinsu lissafi ne mai sauƙi. Kubik mita ɗaya na ruwa tan ɗaya ne. In irinsa yana faɗowa kowane sakan daga tsayin mita 100 ta cikin injin mai kyau, zai ba da wajen kilowat 900. Ninka tsayin, ka ninka wutar da ruwan nan dai. Duk ƙafa ɗaya da tafki ya sauka, kowane tan na ruwa ya rage daraja.

Tashar lantarkin, mai suna Edward Hyatt, ba a ganinta daga waje. An fafe mata kogo ne a cikin dutsen da madatsar ta jingina da shi, injuna shida a jere, ƙarfinsu ya haura megawat 600. Uku daga cikinsu an ƙera su ne su iya juyawa da baya su zama famfo, su mayar da ruwa sama lokacin da wuta ta yi araha, a sake sako shi lokacin da ta yi tsada. Ruwan da ya fito daga injunan yana bi ta ramukan da aka karkatar da kogin ta cikinsu lokacin gini, ya zuba a wani ƙaramin tafki a gindin madatsar. Daga can sai jerin tafkunan Thermalito, waɗanda ke daidaita shi don kada kogin ya riƙa hawa da sauka da sauyin buƙatar wuta, su kuma bar rana ta ɗumama wa manoman shinkafa nasu.

Mai son gurbi shi ne mai tsare ambaliya, kuma shi ke da magana ta ƙarshe a lokacin ruwa. Littafin ƙa'ida da rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta rubuta a 1970 ya wajabta cewa daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Maris a bar sarari a saman tafkin, wanda kan kai kubik mita miliyan 925, kusan kashi ɗaya cikin biyar na cikinsa. Girman sararin ya danganta da yadda ƙasa ta jiƙe: in ta ƙoshi, ruwan da zai sauka duk gangarowa zai yi, sai a bar gurbin gaba ɗaya, wato a riƙe tafki wajen ƙafa 848. Idan ambaliya ta zo sai a bar ta ta zauna a gurbin, a riƙa sakinta a hankali, ba a wuce kubik mita 4,250 a sakan saboda jingar garuruwan da ke ƙasa. Da ta wuce a yi maza a sake buɗe gurbin kafin wata ta biyo. Daga Afrilu kuma a juya akala, a fara tara narkakken ruwan duwatsu. Aikin mai gudanar da tafki ke nan shekara da shekaru: ya zubar da ruwan da ya san za a yi kukan rashinsa a Agusta, don tsoron ruwan da bai riga ya sauko ba.

Ƙofofin fita

Hanyar yau da kullum ita ce ta injunan Hyatt. Ko duka shida na aiki ba sa wuce kubik mita 480 a sakan, wanda a ranar ambaliya cikin cokali ne. Amma suna ɗiba daga zurfi, don haka su ke iya sauke tafkin can ƙasa. Akwai kuma wasu bawuloli a ƙarƙashin madatsar, abin da suke fitarwa bai taka kara ya karya ba.

Babbar magudana ita ce dokin aiki. Tana kan wani tudu a gefen madatsar, da ƙofofin ƙarfe takwas masu lanƙwasa, sai gangaren kankare mai tsawon mita 930 da faɗin mita 55, wanda ya ƙare da wasu manyan haƙora na kankare da ke farfasa ƙarfin ruwa kafin ya faɗa kogi. Dokin ƙofofinta yana ƙafa 813 da ɗoriya, ƙasa da nan ba ta da abin ɗiba. Inda take zuba kuwa shi ne wancan ƙaramin tafki da injunan Hyatt ke zuba a cikinsa. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Ta ƙarshe ita ce magudanar ko-ta-kwana. Ba ta da ƙofa ba ta da mabuɗi. Katanga ce ta kankare mai tsawon kusan mita 530, bakinta a ƙafa 901. Tafki ya kai nan, ruwa ya tsallake da kansa, ko an so ko ba a so ba. A lokacin, bayan katangar ba a yi daɓe ba, gangaren daji ne da itatuwa da ciyayi har zuwa kogi. A takarda za ta ɗauki kusan kubik mita 10,000 a sakan. Tun 1968 har zuwa Fabrairun 2017 ruwa bai taɓa bi ta kanta ba.

A 2005, lokacin da ake sabunta lasisin madatsar a gaban hukumar tarayya mai kula da makamashi, ƙungiyoyin kare muhalli uku, Friends of the River da Sierra Club da South Yuba River Citizens League, sun shigar da buƙatar a daɓe gangaren nan da kankare. Hujjarsu ita ce littafin 1970 ya yi lissafi da wata madatsa ta Marysville a kogin Yuba wadda ba a taɓa ginawa ba, saboda haka wata rana dole a dogara da magudanar ko-ta-kwana, kuma gangaren zai zaizaye. Amsar da suka samu ita ce dutsen wurin mai ƙwari ne, magudanar ta cika sharuɗɗa, kuma irinta an yarda ta yi ɓarna a ambaliyar da ba kasafai ake gani ba. Aka rufe fayil.

Gaba kura, baya sayaki

Jihar ta fito ne daga fari na shekara biyar ta faɗa daminar da ta kafa tarihi a arewacin Sierra. Tsakanin 6 da 10 ga Fabrairu an yi ruwan da ya kai wajen milimita 330 a yankin kogin Feather, irin wanda iska mai ɗumi ke kwasowa daga tekun Pasifik, ya sauka a kan dusar ƙanƙara ya narkar da ita ya haɗa da nasa. Duk sa'ar da ƙofofi suka yi a rufe ana leƙen rami, gurbin ambaliya cika yake yi. A ranakun 8 da 9 aka gwada sakin ruwa don a ga yadda ramin zai yi. Ya ƙara buɗewa, ruwa ya fasa bangon gefe ya shiga yankar tudun, yana kwasar ƙasa da duwatsu yana zubawa a ƙaramin tafkin da ke ƙasa. A daren 9 ga wata abin da ke shigowa tafkin ya kai kusan kubik mita 5,400 a sakan. Cikin kwana huɗu fuskar ruwa ta hau wajen ƙafa 50.

A nan ne sarƙar ta bayyana. Tarkacen da magudanar ke zubawa ya fara toshe kogin, ruwa ya riƙa komawa baya yana hawa wajen bakin ramukan Hyatt. In ya shiga kogon, injuna da kayan wuta sun tashi aiki na watanni. Zaizayar kuma tana matsowa kusa da turken ƙarfe mai ɗauke da manyan wayoyin tashar, kuma janareta ba ya aiki in ba inda zai tura wutarsa. Aka cire masa kaya farfelarsa za ta zabura ta wuce ƙima, dole a tsayar da ruwa. Rasa Hyatt ya wuce rasa lantarki. In ba ita, ba yadda za a sauke tafki ƙasa da dokin ƙofofi a gyara magudanar da ta fashe, ba kuma yadda za a aika wa kudu ruwa idan zafi ya zo. Sannan ga tsoron kada ramin ya yi ta cin daɓen yana hawa har ya isa ƙofofin kansu. Kafin tafkin ya cika an ma tsayar da injunan, aka koma kare tashar da jingar buhuna da famfuna.

Aka ɗaga sakin zuwa wajen kubik mita 1,840, sannan a daren Juma'a aka rage shi zuwa 1,560. Kowa a ɗakin da ake yanke shawara ya san ma'anar ragin: an yarda ruwa ya bi ta magudanar ko-ta-kwana. Tuni ma'aikata suka shiga sare itatuwan gangaren don kada su toshe kogi.

Da misalin ƙarfe takwas na safiyar Asabar, 11 ga wata, ruwa ya tsallake katangar. A farko abin gwanin kallo, labule mai sheƙi a kan doguwar katanga. Ko da ya kai ƙololuwa kaurinsa a bakin katangar bai fi rabin mita ba, kimanin kubik mita 350 a sakan, wato bai kai kashi huɗu cikin ɗari na abin da aka rubuta mata ba. Amma ruwa a kan gangaren ƙasa ba ya zama a shimfiɗe. Yakan nemi kwari ya taru, ya sami wuri mai taushi ya haƙa ɗan tsalle. Faɗuwar tsallen ta ci gindinsa, leɓen ya rufta, tsallen ya matsa baya taki ɗaya ya ƙara zurfi. Haka zai yi ta ja da baya yana hawa tudu, fuskarsa na kallon kogi, ƙeyarsa na nufar inda ruwan ya fito. Da yammacin Lahadi aka ga ɗaya daga cikin waɗannan kwazazzabai ya doshi gindin katangar da saurin da ba wanda ya zata.

In katangar ta kife, ƙafa 30 na saman tafki mai faɗin murabba'in kilomita sama da 60 za su fita ba mai tsayar da su, wajen rabin biliyan na kubik mita. Wajen ƙarfe huɗu shugaban 'yan sandan gundumar Butte, Kory Honea, ya ba da umarnin a tashi, sanarwar hukuma ta ce katangar tana iya faɗuwa cikin sa'a guda. Gundumomin Yuba da Sutter suka bi sahu. Manyan hanyoyi suka cushe, tafiyar minti talatin ta koma ta sa'o'i.

A daidai lokacin aka yi abin da aka kwana biyar ana gudu, aka buɗe fasasshiyar magudanar zuwa kubik mita 2,830. Kafin tsakar dare tafki ya sauka ƙasa da 901, ruwa ya daina tsallake katangar. Rabin gangaren babbar magudanar na ƙasa ya tarwatse, amma cin da ke hawa sama ya ci karo da dutse mai ƙwari ya tsaya. Jirage masu saukar ungulu da manyan motoci suka yi ta zuba duwatsu da kankare a ramukan, ranar 14 aka ce mutane su koma gida. Da aka rufe ƙofofi ranar 27 ga wata, tarkacen da aka tarar a kogin ya kai kubik mita miliyan 1.3. Sai da aka yanka hanya a cikinsa kafin injin farko na Hyatt ya tashi ranar 3 ga Maris.

Abin da ke ƙarƙashin daɓen

Kwamitin bincike mai zaman kansa, ƙarƙashin injiniya John France, ya fitar da rahotonsa a Janairun 2018, shafi kusan 600. Bayanin yadda daɓen ya tashi shi ya fi tsaya mini a rai, saboda ƙanƙantar abubuwan da suka haɗu.

Kaurin daɓen a zane santimita 38 ne, da rodi layi ɗaya kusa da sama. A ƙarƙashinsa an jera bututun yumɓu masu huji, a karkace kamar ƙayar kifi, don su kwashe ruwan da ke tsatsowa daga ƙasa. Maimakon a haƙa musu kwari a cikin dutse, sai aka ɗora su a sama aka zuba kankare a kansu, suka cinye kaurin daɓen. A saman kowane bututu abin da ya rage bai fi santimita 18 ba. Nan ne kankaren ya tsage, tun a shekarun farko, har ana iya ganin zanen ƙayar kifin a fuskar gangaren. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan da ke gudun mita 20 a sakan, in ya ci karo da ɗan leɓen da ya ɗago a bakin tsaga ko mahaɗa, gudun nan yakan koma matsi daidai da na zurfin mita 20, ya kutsa ƙasa. Murabba'in mita ɗaya na daɓen nan kuwa bai cika tan ɗaya ba. Abin da ya rage ya riƙe shi shi ne rodin da aka kafa cikin dutse, zurfin mita ɗaya da rabi. A inda ramin ya buɗe, rodin a cikin ruɓaɓɓen dutse aka kafa shi, irin wanda ake marmashewa da hannu. Falle ɗaya ya ɗaga, ruwa ya sami ƙasa tsirara, sauran suka bi.

Alama ta daɗe tana magana. Duk lokacin da magudanar ke aiki, ruwa yakan yi ta feshi daga bakin bututun da ke jikin bangon gefe. Bututun da aka sa don ɗan tsatson ƙasa, me ya kawo masa wannan ruwa haka, kuma me ya sa sai an buɗe ƙofofi? Ruwa ba ya tsami banza. Amma da yake tun farkon aiki haka aka gan shi, sai ya zama halin magudanar. Tsaga ta buɗe a cike ta, ta sake buɗewa a sake cikewa, har da facin 2009 da na 2013. Wanda ya zo aiki ya tarar ana yi, shi ma ya koya wa na bayansa.

Batun dutsen ya fi ban takaici. Rahotannin masana ƙasa na lokacin gini sun rubuta ruɓaɓɓen dutsen a wuraren da yake, a ƙarƙashin gangaren da kuma bayan katangar ko-ta-kwana. Takardun suna nan a ajiye. Amma a bakin mutane labarin ya rikiɗe ya zama dutsen Oroville mai ƙwari ne, kowane rahoto ya kwafa daga na gabansa, har aka amsa wa masu ƙorafin 2005 da shi. Duk shekara biyar ƙwararru daga waje sukan zo duba madatsar bisa dokar tarayya, amma duban ido ne da karanta rahoton baya. Ba wanda ya koma ya ɗauki zanen asali ya auna shi da ilimin yau. Kwamitin ya kuma gano cewa wanda ya jagoranci zana magudanar an ɗauko shi ne daga jami'a kai tsaye, bai taɓa zana irinta ba. Ni ban ga laifin saurayin ba. Manyan ƙwararru suna can kan jikin madatsar da kogon lantarki, inda suna yake, aka bar magudana kamar wani aikin gefe. Hukuncin kwamitin shi ne gazawa ce ta tsari gaba ɗaya, mai dogon tarihi, wadda ta haɗa hukumar da masu sa mata ido da al'adar sana'ar kanta.

Game da ragin daren Juma'a, rahoton ya ce an yi shi da kyakkyawar niyya, amma ya saɓa wa shawarar injiniyoyin gini da masana ƙasa da ke wurin, waɗanda a lokacin sun riga sun fara shakkar gangaren. Yana da sauƙi wanda ya san ƙarshen labari ya ce da an bar ƙofofi a buɗe. Mutanen ɗakin suna auna haɗari biyu ne. Ɗaya suna ganinsa da ido, ruwa na hawa wajen tashar da suka san darajarta da kuɗinta da wahalar gyaranta. Ɗayan kuwa takardun shekara hamsin sun ce musu ba haɗari ba ne. A ganina kuskuren da za a iya kama su da shi ɗaya ne: ranar Talata dutsen da aka ce mai ƙwari ne ya ƙaryata kansa a gabansu, a ƙarƙashin babbar magudana, kuma gangaren ko-ta-kwana maƙwabcinsa ne a tudu guda. Shaidar ta isa a daina yarda da takardar tun ranar.

Gyara

Kamfanin Kiewit ya karɓi kwangilar a kan dala miliyan 275, amma da aka yaye ƙasa aka ga yawan ruɓaɓɓen dutsen da za a kwashe, kuɗi ya yi ta hawa. Jimillar ɗaukin gaggawa da sake gini ta kai wajen dala biliyan 1.1. An yi aikin a rani biyu, domin dole kowace 1 ga Nuwamba ta tarar da magudanar da za ta iya ɗaukar ruwa. Sabon daɓen ya ninka tsohon kauri, da rodi layi biyu mai rufin hana tsatsa, da robar toshe mahaɗai, bututun tsatso a can ƙasa inda ba su taɓa kaurinsa ba, rodin ɗauri kuma ya nutse mita da yawa cikin dutsen da aka wanke aka duba. A bayan katangar ko-ta-kwana an yi mata tokara da shimfiɗar kankare, sannan aka binne wata katanga a cikin ƙasa, tsawonta wajen mita 440, don in kwazazzabo ya sake tasowa daga ƙasa ya tsaya a nan. Daga wannan katanga zuwa kogi har yanzu gangaren ƙasa ne. Ranar 2 ga Afrilun 2019 aka fara sakin ruwa ta sabuwar magudanar.

Shekara biyu bayan haka fari ya dawo. A farkon Agustan 2021 tafkin ya sauka wajen ƙafa 640, kusa da bakin bututun shiga ruwa, aka kashe injunan Hyatt saboda ƙarancin ruwa a karo na farko tun da aka gina tashar. Ƙofofin sabuwar magudanar suna can sama a bushe, ƙafa 170 tsakaninsu da ruwa, waɗancan ƙananan bawuloli na ƙarƙashin madatsar su suka riƙe kogin. Sai a Janairun 2022, bayan ruwan Disamba, aka sake tada injin guda ɗaya.